Wutar Gombo

Litinin, 4 ga Disamba

Ɗana Otgo ya sake tayar da maganar gidan bene. Wai tashar wutar da yake aiki ta ba shi ɗaki biyu a ginin ma'aikata, da ƙarfen ɗumi mai ruwan zafi a jikin kowane bango, kuma in bai shiga ba kafin sabuwar shekara za a ba wani. Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce. Babu inda za ni, ina nan cikin tantina a kan tudu. Wutar murhun nan daga murhun uban mijina Gombo aka ɗebo ta ranar aurenmu. Da ita muka yi yawon kiwo, da ita muka shigo birnin Ulanbator shekarar da sanyi ya kashe mana dabbobi. Gombo ya mutu, wutarsa tana nan. Otgo ne auta, shi ke gadon murhu, ya kuma sani. Ya ce in ban tashi ba shi ma ba zai tashi ba. Madalla.

Da hannuna na rubuta wannan. Sai da na haifi biyar na koyi baƙi, har yau biro ya fi hantsar saniya yi mini gardama.

Alhamis, 7 ga Disamba

Da safe na fita da farkon shayin madara, na watsa wa sama, na watsa wa dutse, sannan na watsa wajen dogayen bututun hayaƙin tashar. Daga tudunmu ana hango su. In suna feso farin tururi na san ɗana yana tsaye da ƙafarsa a gaban tukunyar nan da ya ce ta fi gidan bene tsawo. Ba na son aikin nan. Mutum ya wuni kusa da wutar da ba ta san shi ba.

Badam maƙwabciya ta leƙo ta shinge: "Dulma, yanzu har gwamnati kike yi wa sadakar madara?" Na ce ta ji da karenta ɓarawon ƙashi.

Lahadi, 10 ga Disamba

Jikata Maral tana tari. Shekararta huɗu, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na shafa mata kitsen wutsiyar tunkiya.

Uwarta Tserma, matar Otgo, ta yi magana tana murza ƙullun buz, fulawar da muke naɗe nama a ciki, ba ta ko ɗago kai ba. Wai mijinta ne ke ɗumama rabin gari, 'yarsa kuma tana shaƙar hayaƙin kwal don bututun ruwan zafi bai hau tudu ba. Na ce biyar na raina a gindin murhun nan, ba wanda ya mutu. Ta ce, "A daji kika raine su, Inna, murhu ɗaya a kwari guda. Fita ki ƙirga na nan."

Na tashi na ƙara wa murhu kwal.

Asabar, 16 ga Disamba

Sun ja ni ganin ɗakin. Na je ne don in ga abin kushewa, na kuwa gani. Kusurwa huɗu kamar akwati, babu tagar sama irin ta tantinmu, babu tsakiyar da murhu zai zauna. Na tsaya ina neman inda zan fuskanta. Na ce da Otgo, "To, ina zan jefa wa wuta kitsenta?" Tserma ta ce, "A tukunya, Inna, mu ci." Shi kuma ya yi dariya. Ɗan da na goya.

Maral ta tuɓe rigar sanyinta tana ta gudu da safa. Ba ta yi tari ba har muka fito. Na lura.

Talata, 19 ga Disamba

Hayaƙi. Ko tashar ban hango ba. Na watsa madarar da ka.

Alhamis, 21 ga Disamba

Asibiti. Ƙirjin Maral ya kama. Yara kwance har a baranda, kowace uwa riƙe da nata, kusan dukansu daga tudu. Likitar yarinya ce, ta tambayi unguwarmu, da na faɗa sai ta rubuta kawai, ba ta yi mamaki ba. Wannan rashin mamakin nata ya fi ci mini rai.

Maral ta ce, "Kaka, kin ba wuta abincinta?" Na ce na ba ta.

Asabar, 23 ga Disamba

Mun yi da Otgo. Ya dawo daga aiki idanu jajir, baƙin kwal a kunnuwa, bai ko zauna ba. Ya ce, "Inna, wallahi na gaji. Can ina tsaron wuta, nan ina tsaron wuta. Ɗumin da ke cikin ƙarfen ɗakin nan daga hannuna yake fitowa, ni nake hura shi. Ba wuta ba ce?"

Na ce wuta ce, amma ba ta san sunan ubansa ba.

Ya ce, "To ita Maral wa ya san sunanta?" Ya fita ya taka dokin ƙofa, abin da al'adarmu ta hana, bai kuma taɓa yi ba tun yana rarrafe.

Su ce taurin kai. In na bar murhun nan ya huce, Gombo ya ƙare ke nan, shi da ubansa da kakansa. Ni kuma wa zan ce wa me?

Lahadi, 24 ga Disamba

Ina kwashe toka maganata ta jiya ta dawo mini. Ba ta san sunan ubansa ba. To wa ya taɓa gaya mata?

Talata, 26 ga Disamba

Na zaɓi garwashi ɗaya daga tsakiyar murhu, na bar shi ya kwanta cikin toka har ya huce, na naɗe shi da shuɗin ƙyallen addu'a. Na ba Otgo, na ce ya kai wa tukunyarsa. Ya ce ko ashana ba a shiga da ita wajen garin kwal. Na ce, "Taɓa ka ji. Ai barci yake. Kuma ban aike ka wajen shugabanku ba, wajen wuta na aike ka." Na ce ya faɗi sunaye uku da baki, ba a zuci ba: Gombo, ɗan Luvsan, ɗan Dorlig. Na haɗa masa da ɗan kitse.

Ya karɓa. Ya sa a aljihun ƙirji.

Laraba, 27 ga Disamba

Ya yi. Ya ɗora shi a kan bel ɗin da ke jan kwal zuwa injin niƙa, ya faɗi sunayen. Wai abokin aikinsa ya ce, "Otgo, sababbin ma'aikata kake rajista?" Kitsen kuwa cinyewa suka yi da burodi, 'yan banza. Ya rantse garwashin ya shiga. Na sa ya sake rantsewa.

Asabar, 30 ga Disamba

An sallami Maral, kai tsaye ɗakin bene aka wuce da ita. Ni na zo taya su jera kaya ne kawai. Tantina yana nan a tudu, na gaya wa Badam kada karenta ya kusance shi, ban kuma ce na tashi ba.

Ɗakin har yanzu akwati ne. Amma tagar ɗakin girki tana kallon tashar, kusa sosai, ba sai na ƙanƙance ido ba.

Da suka fita sayen labule na ɗora tafin hannu a kan ƙarfen. Da zafi. Na ɗan shafa masa kitse a gefen da Tserma ba za ta gani ba. Maral ta kama ni, ta ce, "Kaka, Kaka Gombo ne a ciki?"

Na ce ta sa safarta.

Murhun da muka ɗauko daga tanti yana ƙasa cikin motar haya, na ce kada a hau da shi tukuna. Zan kwana nan yau, saboda yarinyar.