Maigidana Yana Shari'a Kan Gudun Da Ni Na Yi

Assalamu alaikum Hajiya mai kula da wannan fili, ya aiki, ya iyali? Ina gaida masu karatu, manya da ƙanana. Don girman Allah ki sakaya sunana, ko harafin farko kada ki sa. Wanda kuma zai karanta, ina roƙonsa ya kai ƙarshe kafin ya ce uffan. Na san za a zage ni, to ni ma na zagi kaina har na gaji. Shawara nake nema, kuma 'yan kwanaki kacal suka rage min.

Ni malamar firamare ce, shekara ashirin da huɗu ina koyarwa a wata makaranta a Sabon Gari, gidanmu kuma a Fagge yake. Maigidana, bari in ce masa Alhaji kawai, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. 'Ya'yanmu duk sun tashi sun kama gabansu, daga ni sai shi a gidan, sai wata tsohuwar farar mota da yake ji da ita kamar me. Abin da na ɓoye masa shi ne na iya tuƙi. Shekara goma ke nan da na koya, lokacin da aka tura shi kwas Kaduna na wata shida. Wata abokiyar aikina 'yar ƙabilar Ibo ce ta koya min da motar mijinta a filin ƙwallon makaranta in an tashi. Da ya dawo na ɗan taɓa zancen cikin wasa, ya ce, "Mace a kan sitiyari? Ba dai a gidana ba." Ban ƙara tayar da zancen ba har yau.

Sai na faɗa muku wani abu game da Alhaji, in ba haka ba za ku ɗauka mugun mutum ne, kuma wallahi ba haka yake ba. Zamanin mulkin soja sojoji sun taɓa tsare shi a mahaɗar Bata da rana tsaka, wai bai kauce wa wata mota da wuri ba. Aka fito da shi, aka sa shi tsallen kwaɗo da babbar riga, hularsa ta faɗi cikin kwata, 'yan kasuwa na kallo, wasu na dariya. Ya dawo gida bai ce min komai ba, a bakin maƙwabta na ji. Tun daga ranar mutumin nan bai ƙara zama daidai ba in ya ga mai kaki. Da aka zo zaɓen da ya dawo mana da farar hula, shi da yayana, wanda muke ciki ɗaya, suka rabu a jam'iyya. Gardama ta kaure tsakaninsu a wurin wani suna, Yaya da bakinsa da ba ya da linzami ya ce, a gaban mutane, "Kai da aka sa tsallen kwaɗo, me ka sani a siyasa?" Alhaji ya dawo gida idonsa jawur ya ce min, "In kika ƙara taka ƙofar gidan ɗan'uwanki, ban yafe miki ba." Na ce to.

Wata biyar bayan haka ɓarin jikin Yaya ya shanye. Ɗaki ɗaya yake haya a Sabon Gari, bayan shagon da yake gyaran rediyo, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Legas. Maƙwabtansa Kiristoci ne ke ba shi abinci, suna juya shi a kan katifa. Na roƙi Alhaji har da durƙusawa, ya ce magana ya riga ya yi. To ku faɗa min, ni in zauna ina cin tuwo mutumin da ya goya ni yana kwance cikin fitsari? Acaɓa ba zan iya hawa ba, 'yan acaɓan layinmu duk sun san Alhaji, kafin in sauka labari ya riga ni gida. Sai na lura da abu ɗaya. Kowace Juma'a Alhaji da ƙafa yake tafiya masallaci don neman lada, tun sha biyu da rabi yake fita saboda sahun gaba, ba ya dawowa sai wajen uku in ya gama gaisawa da mutane. Makullin motar yana rataye a ƙusa. Layin babu namiji ko ɗaya. Mu kuma ranar da wuri ake tashi a makaranta. Haka na fara: in zuba kunu da farfesu, in ja mayafi, in fita ta lungun baya, in je in wanke Yaya, in yanke masa farce, in sayi ɗan fetur a galan in mayar da abin da na ƙona. Ni gajera ce, Alhaji dogo, don haka in na shiga sai in jawo kujerar gaba sau uku, ƙas, ƙas, ƙas, in na dawo in mayar da ita sau uku, in gyara madubi. Wata bakwai ina haka.

Ranar da abin ya faru na tarar Yaya ya faɗo daga katifa ya ɓata jikinsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kafin in gama gyara shi, na leƙo waje na ga mutane suna dawowa da darduma a kafaɗa. An sallame! Ban san yadda na shiga motar ba. Na taka ta iya ƙarfina, titi fayau, na miƙe zan fita ta wajen Titin Ibrahim Taiwo, sai ga ma'aikatan kula da hanya, ɗaya riƙe da na'urar nan da suke auna gudu, ɗaya ya ɗaga min hannu. Na tsaya? Ina! Na ƙara wuta na wuce su, saura kaɗan in kwashe mai ɗaga hannun. Na riga Alhaji shiga gida da kamar minti biyar, na yi maza na rataye makullin.

Bayan sati biyu aka kawo takarda: mota mai lamba kaza ta yi gudun wuce sa'a, an tsayar da ita ta ƙi tsayawa, mai ita ya biya tara ko ya bayyana a kotu. Tarar ba wani abin a zo a gani ba ce. Na ce, "Alhaji, ka biya mana a huta, me za a yi da kotu?" Ya kalle ni kamar na zage shi. "In biya? Ƙarfe biyu da rabi na ranar Juma'a? Ina sahun gaba, liman shaidata ne! Wannan sharri ne na masu neman na goro. Da can ne ake mana haka mu sunkuyar da kai. Yanzu mulkin farar hula ne, akwai kotu, akwai alƙali." Rabon da in ga fuskarsa da haske irin na ranar, na manta. Ya fito da fayil sabo, ya sa aka buga masa takardu a Fagge, ya tara dattawa huɗu da suke sahu ɗaya da shi. Lauya ma ya ce ba ya so, da bakinsa zai kare kansa. Har ya rubuta ƙorafi zuwa ofishinsu cewa ma'aikacin da ya sa hannu a takardar ƙage ya yi. Ni kuwa ina zaune ina dafa masa shayi. A lokacin ne ya kamata in yi magana, ko ba haka ba? Na buɗe baki ya fi sau goma, sai in tuna "ban yafe miki ba", sai in ce masa ga sukari.

Zaman farko ban je ba. Ya dawo da rakiyar mutanen unguwa har ƙofar gida, yana ba ni labari yana dariya. Ya ce dattawa sun yi shaida, sai ma'aikacin ya tashi ya ce ai shi bai ce Alhaji ne ba, mace ce take tuƙin. "Kin ji fa, Malama! Mace! Na ce ya mai shari'a, mace ɗaya ce a gidana, kuma ko keke ba ta iya ba. Kotu ta kwashe da dariya." Alƙali ya tambayi ma'aikacin ko zai gane matar, ya ce ta rufe fuska da mayafi, bai gan ta sosai ba. Sai alƙali ya ɗage zaman, ya ce a zo da matar gidan ta dafa Alƙur'ani ta faɗa da bakinta ko ta iya tuƙi ko ba ta iya ba. Alhaji ya ce min, "Kalma ɗaya ce, mu gama da su." Na ce Allah ya kai mu.

Ranar Laraba da ta wuce, lokacin hutun ƙarfe tara, ina zaune a aji ina duba littattafai, wani mutum ya yi sallama a bakin ƙofa. Magidanci ne, zai yi shekara talatin da wani abu, da kayan gida. Ya rusuna ya ce, "Malama, ina wuni. Ba ki gane ni ba ko? Emeka ne. Aji biyar, wanda kike sa wa ya goge allo don na fi kowa tsawo." Na gane shi, na fara murna, sai ya ce, "Ni na ɗaga miki hannu ranar Juma'ar nan." Hajiya, alli ne a hannuna, ban san lokacin da ya karye ba. Ya ce shi tun daga nesa ya so in rage gudu ne kawai, sai da na zo wucewa ya ga fuskata, kuma ogansa na tsaye a gefensa ya riga ya karanta lambar, dole ya rubuta. Ya ce, "A kotu na ɗora hannu a kan Baibul na ce ban ga fuskarki ba. Wannan tsakanina da Allah ne, ni na zaɓa, ba ke kika sa ni ba. Amma saboda takardar da Baba maigidanki ya rubuta an dakatar da ni, an karɓe kakina sai an yanke hukunci. In kotu ta ce ƙage na yi, aikin ya tafi. 'Ya'yana uku, Malama." Na ce, "Emeka, me kake so in yi?" Ya ce, "Ban zo in ce ki yi komai ba. Sunanki ba zai fito daga bakina ba. Na zo ne dai ki san cewa na sani." Ya gaishe ni ya tafi, ko ruwa ban iya ce masa ya sha ba.

Tun ranar ba na iya cin abinci. Babu dabarar da ban juya ba. Na ce in kwanta ciwo, to alƙali zai ɗage ne kawai, Emeka ya ci gaba da zama a gida. Na ce in ce ba ni da tsarkin taɓa Alƙur'ani, shekaruna sun wuce wannan uzurin, kuma Alhaji ya fi kowa sani. In na dafa na ce ban iya ba, na yi rantsuwar ƙarya da Littafin Allah, na kuma raba yaron da na koya wa karatu da abincinsa, shi da ya yi ƙarya don ya rufa min asiri. In na ce na iya, to a gaban dattawan nan huɗu da rabin Fagge zan tsaya in nuna cewa mutumin da ya ce ko keke ban iya ba bai san abin da ke faruwa a gidansa ba. Dariyar da aka yi wa Emeka za ta juyo kansa. Ni na ga abin da dariya ɗaya ta yi wa mutumin nan, shekara da shekaru bai warke ba. Sannan za a tambaye ni ina na je, in ce gidan wa? Kuma Juma'a uku ke nan ban leƙa Yaya ba, ban san ko yana da rai ba sai abin da maƙwabciyarsa ta aiko min a makaranta, wai kullum yana kallon ƙofa.

Na yanke shawara jiya in faɗa wa Alhaji komai a gida, ko me zai faru ya faru. Ya ɗauko ni daga makaranta da motar, abin da bai saba yi ba. Muna cikin cunkoson Bata, daidai wurin da aka taɓa tsare shi, ina haɗa kalmomin a raina, sai ya riga ni. Bai kalle ni ba, idonsa na kan titi. Ya ce, "Kin san ranar Juma'ar nan, da na shiga motar da la'asar, gwiwata ta bugi sitiyari." Ya ce, "Na ce a raina tsohuwar mota ce, kujera takan zame." Motocin gaba suka matsa, shi ma ya matsa kaɗan. Can ya ce, "Ya jikin yayan naki?"

Na ce, "Da sauƙi," don bakina ya riga hankalina.

Ya gyaɗa kai. Muka shiga layinmu. Da ya kashe motar ya riƙe makullin a hannu ya daɗe, sannan ya ce, da wata murya da ban taɓa jin ya yi min magana da ita ba, "Malama, shekara talatin ban taɓa roƙonki komai ba. Ranar Talata ki ce ba ki iya ba. Kada ki bari a yi min dariya karo na biyu."

Ban san tun yaushe ya sani ba, kuma ba ni da ƙarfin tambaya. Na gaji, Hajiya, wallahi na gaji. Da ina tsoron kada ya gane, yanzu ya gane, kuma abin da yake roƙona ya fi wanda na ji tsoro nauyi. Makullin yana nan a ƙusa, yau da safe ya goge min mayafin da zan sa zuwa kotu da hannunsa, ya ninke ya ajiye a kan gado.

Jama'a, ranar Talata ta sama za a miƙo min Alƙur'ani, Alhaji na dama, Emeka na hagu. Me zan yi?