Ta'aziyyar Uwargida Aliitasi Vaovasa, Wadda Aka Zarga da Ɓatar da Ranar Juma'a

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Ma'aikatan Awon Ruwan Sama da Haɗa Bayanai ta tsibiran Upolu da Savai'i a ƙasar Samoa, a ƙarƙashin Mai Girma Shugabanta da dattawan Kwamitin Amintattu, ta sami labarin rasuwar tsohuwar Mataimakiyar Shugabanta, gwanar lissafi, uwa ga ma'aikata, Uwargida Aliitasi Vaovasa, wadda duk muke kira Yaya Tasi, wadda Ubangiji ya karɓi ranta da safiyar Talata a gidanta da ke garin Siumu, tana da shekara sittin da ɗaya, bayan jinyar wata huɗu. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Dattijo Pouono Vaovasa, da 'ya'yanta uku da jikokinta, da Mai Daraja faston cocinsu, da masu sarautar garin, da dangi na gida da na ƙetare.

Shekara ashirin da bakwai Marigayiya ta yi tana aiki a wata cibiyar bincike mai zaman kanta a Apia, wadda ba za mu ɓata takarda da sunanta ba. Ma'aunin ruwan sama arba'in da uku cibiyar ke da su, a bayan makarantu da coci-coci, malamai da matan fastoci ke duba su kowace safiya, kuma kowane wata kowane ma'auni yana aiko da fayil ɗinsa. Wani da inci yake rubutawa, wani da milimita, wani ya sa wata kafin rana, wani kuma ya tsallake sati guda don an yi rasuwa a garinsu. Fayilolin nan sun haura dubu goma. Ita ce ta rubuta manhajar da ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita su, ta jera su cikin jadawali guda, kowane layi na kwance rana ɗaya, kowane layi na tsaye ma'auni ɗaya. Da wannan jadawali injiniyoyi suka auna faɗin kwalbatoci da tsayin gadoji, da shi aka riƙa faɗa wa manoman gwaza lokacin shuka.

Duk wanda ya yi aiki da ita ya sha faɗa, kuma ya amfana. Idan fayiloli biyu suka ƙi haɗuwa saboda ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai wani mai gaggawa ya datse dogon, takan tsaya a kansa ta ce, "Wandon ɗanka ne da za ka rage masa ƙafa? Koma ka nemo ranar da ta ɓace." Ba ta taɓa yarda a cike gurbi da sifili ba. "Sifili yana nufin matar fasto ta leƙa ba ta ga ruwa ba," in ji ta. "Gurbi yana nufin ta tafi biki. In ka haɗa su ka yi wa sama ƙarya, ka yi wa matar fasto ƙarya."

Al'ada ce a tsaya nan a yi addu'a, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara shida da suka wuce, masu ba cibiyar tallafi suka turo ƙwararru biyu daga ƙasar waje su duba aikin. Aka tarbe su, aka shayar da su ava, abin shanmu na gargajiya, kamar yadda ake yi wa manyan baƙi, aka rataya musu furanni. Suka sa na'ura ta ƙirga layukan jadawalin shekara bayan shekara, sai ta nuna musu cewa shekarar 2011 tana da layi ɗari uku da sittin da huɗu. A zauren taro, babbansu ya haska wannan a bango, ya ce an yar da ranar talatin ga Disamba, kuma wanda ya yar da rana ɗaya Allah kaɗai ya san nawa ya yar.

Mu ashirin da biyu ne 'yan ƙasa a zauren, kuma babu ɗayanmu da bai san amsar ba. A shekarar nan ne ƙasarmu ta sauya lissafin kwananta don ya yi daidai da na maƙwabtanmu na yamma, muka kwanta Alhamis ashirin da tara, muka tashi Asabar talatin da ɗaya. Ba a yi wannan Juma'a a Samoa ba, balle a auna ruwanta. Mai Girma Daraktan cibiyar ya fi kowa sani, domin ranar haihuwarsa ce ta faɗa ramin, kuma shekara guda ya yi yana raha cewa gwamnati ta rage masa tsufa. Amma ba a gyara wa baƙo magana a gaban jama'a, kuma marar sarauta ba ya buɗe baki kafin masu sarauta. Marigayiya tana can baya kusa da ƙofa, tana jiran wani babba ya yi magana. Mai sa hannu a wannan takarda yana sahu na biyu, yana kallon takalminsa.

Da aka tashi ta bi Darakta ofishinsa. "Ranka ya daɗe, kai ma ka san babu wannan ranar," ta ce masa. Ya ce, "Na sani, ƙanwata. Baƙo raɓa ne, bari su tafi tukuna, sai mu gyara a tsakaninmu." Baƙi suka tafi da rahotonsu. Don a nuna wa masu tallafi an ɗauki mataki, aka saka wasiƙar gargaɗi a fayil ɗin aikinta mai ɗauke da kalmar sakaci, aka karɓe jadawalin daga hannunta, aka mayar da ita sito tana ƙirga mazuraran awon ruwa. Sabuwar manhajar da aka kawo ta ƙirƙiro Juma'ar, ta zuba mata sifili arba'in da uku. Har yau takardun cibiyar suna shaida cewa an yi wannan rana, kuma ba a yi ruwa ba.

Sau tara ta rubuta tana roƙon a janye wasiƙar, sau tara ana ce mata gobe, ana ce mata jibi, har ta yi ritaya ba tare da liyafar sallama ba. Ƙungiyar nan ma, kunya ta kama mu mu faɗa, tattaunawa muka yi ta yi muna ɗagewa. Da na je duba ta watan jiya ta ce mini, "Mika, ba kujerar nake nema ba. Jikata lissafi take karanta. Wata rana za ta nemi sunana ta tarar da wannan kalmar a jikinsa."

Ranar Laraba, kwana ɗaya bayan rasuwarta, motar cibiyar ta isa Siumu da tabarmar alfarma, da katan-katan na kifin gwangwani, da furanni, da ambulan guda. A ciki akwai wasiƙar wanke ta daga zargin, an buga ta tun shekara biyu da suka wuce, an sa mata hannu a safiyar Larabar. Ihu bayan hari ke nan. Dattijo Pouono ya karɓi tabarmar kamar yadda al'ada ta tanada, ya bari muka kwafi wasiƙar, sannan ya mayar wa ɗan aike ambulan ɗinsa. "Ba ni aka rubuta wa ba," ya ce. "Mai wasiƙar tana nan har Asabar. Darakta ya zo da kansa ya karanta mata."

Muna roƙon Ubangiji Maɗaukaki ya ba baiwarsa hutu, ya ƙarfafa zuciyar maigidanta, ya ba 'ya'ya da jikoki da dangi haƙurin jure wannan rashi, ya kuma gafarta mana abin da ita ba mu ba ta damar gafartawa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a cocin garin, a binne ta a gaban gidanta. Iyali sun ware wa Mai Girma Darakta minti biyar bayan fasto, kafin a saukar da akwati. Mun aika masa sau biyu, bai amsa ba tukuna. Idan bai zo ba, ni zan karanta wasiƙar da ƙarfi a gaban masu sarauta da jikar Marigayiya, kuma kafin wasiƙar zan karanta sunayen duk waɗanda suka zauna a zauren nan suka yi shiru. Nawa ne na farko.

Mikaele Sasagi Leatuolo
Kakakin Ƙungiya, a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu