Kada Kowa Ya Hau Baƙin Keken

Yaya,

Na fita kina barci, na koma shagon kekuna. Gaskiyarki, araha ba ta ado. Jiya cikin kekunan hawan dutse masu sifirin ɗin tare gargada gaba da baya, baƙin nan kaɗai aljihuna ya iya. Mai shagon ya rantse sabo ne, amma ya ƙi taɓa shi, da kaina na turo shi waje.

Da safe na tarar sifirin ɗin baya ya lotsa, kamar wani ƙato na zaune a kai. Na dafa sirdin, da ɗumi.

Na bar keken a gida. Don Allah kada Auta ya matsa kusa da shi. In kin ga sifirin ɗin ya miƙe, ki ja hannunsa ku bar gidan. Mai zaman ya sauka ke nan.

Ƙaninki