Ƙullin Nan Ba Naki Ba Ne

Ya sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, ruwan randata lokacin ƙishi, uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsun ne suka daina jin magana.

Tun da yaran nan suka raba mu, ni a gidan babban ɗanmu, ke a wurin Auta, wai don a fi kula da mu, abu ɗaya ke tashina da safe: filas ɗin shayinki da mijin Auta ke ajiye mini a hanyarsa ta zuwa aiki. Na san aikin hannunki kamar yadda na san sunana. Kina ɗauraye shi da tafasasshen ruwa ya ɗumama, sannan ki zuba shayin, ki naɗe murfin da tsumma, ki ƙulle ta hagu, da yake ke bahaguwa ce. Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a rumfar tasha, muna sabon aure, haƙorana na kaɗawa, kika kwance ƙullin nan kika ba ni na kurɓa? Wayyo, har yau ina jin ɗuminsa a ƙirjina!

To, kwanan nan da sanyi shayin ke isowa. Ƙullin kuma na dama ne.

Wa ke ɗaura shi, hasken raina? Da farko zuciya ta raya mini mugun abu. Na ce ko soyayyar ce ta yi sanyi? Har na tuna tsohon telan layinku, wanda gaisuwarsa ba ta ƙarewa in ya gan ki. Na wuni ina cika ina batsewa, da furfurata da komai! Amma ke ba haka kike ba. Ko ranar da muka ɓata, da zafinsa kike dire mini shayi, kina kawar da kai.

Na tambayi mijin Auta, ya ce lafiyarki ƙalau, yana kallon takalminsa. Na kira Auta, ta ce sanyi ne ya ɗan taɓa ki, kina barci. Kullum barci? Ke da zakara bai taɓa riga ki tashi ba? Muryarta ta cika sanyi, irin wadda ake yi wa wanda ake ɓoye wa magana. A nan ma, in na dogara sanda na shigo falo, sai hira ta mutu, surukarmu ta hau gyara labule. Nan jikina ya yi sanyi, tauraruwata. Wane irin sanyi ne ke hana mace ƙulla tsumma? Me suka sani da suke ganin zuciyata ba za ta ɗauka ba?

Na sa takardar nan cikin tsumman filas ɗin. Auta, in ke ce ke karantawa, ki ji tsoron Allah ki karanta wa mahaifiyarki duka, kada ki tsallake layi.

Ba na son amsa a rubuce, kowa na iya rubutawa. Gobe ki ƙulle tsumman da hannunki, ko da babu komai a filas ɗin, raina zai yi sanyi. In kuwa ya zo da ƙullin dama, wallahi gwiwoyin nan da sanyin ƙashi ya cinye za su kawo ni ƙofarki, ko da rarrafe, in ga mai tare ni.

Naki ni kaɗai, har ranar da jikin nan zai yi sanyinsa na ƙarshe,

Tsohonki.