Sulen da Yake Kwana a Kife

Litinin, 3 ga Maris
Na buɗe shagon Baba, karon farko tun rasuwarsa. Kujerarsa na nan da ramin zamansa. Yaya ya ce in tantance sulallan zinariyar da suka rage kafin ƙarshen wata: masu daraja a kai wa masu tara tsofaffin kuɗi, sauran maƙeri ya narkar, a sayar da shagon kowa ya huta. Ni ma hutun nake so, wallahi. Ni aka ɗora wa aikin don ni kaɗai na taɓa zama kusa da Baba yana dubawa, shi ma gudun wanke-wanke ne ya kai ni.

Talata, 4 ga Maris
Duk kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara. Bambancin wani ɗan harafi ne a ƙarƙashin shekarar da ke jikinsu, bai fi kan allura ba, shi ke nuna gidan da aka buga sulen. Wani gidan ya buga da yawa, wani kaɗan, na kaɗan ɗin ke da tsada. Na tuna ɗabi'ar Baba: in ya ga sule mai wani abu, ba ya magana, sai ya kife shi a tire, fuskar ƙasa. Na duba tiren farko da gilashinsa mai ƙara girman abu, duk gama-gari ne. Na jera su fuska sama, na kulle a akwatin ƙarfe.

Laraba, 5 ga Maris
Ɗaya a kife, layi na biyu daga gefe. Ƙila hannuna ne. Na gyara shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Shi ne dai. Makullin kuwa a wuyana ya kwana.

Asabar, 8 ga Maris
Na gaya wa Yaya, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ɓera ne ya koyi sana'a. Ya ce Autar Baba, in kewa ce ki yi kukanki ki gama, maƙeri zai zo Laraba ya kwashe tiren. Na sake duba sulen a ƙarƙashin fitila har idona ya yi ruwa. Harafi ɗaya ne, irin na sauran. Na canja masa wuri, na cusa shi tsakiya.

Litinin, 10 ga Maris
Ya kife a tsakiyar ma. Na tsaya da tiren a hannu, rana tsaka, masu mota na ta danna oda a waje. Tsoro nake ji, ba na ɓoye wa kaina. Na kasa zama a kujerar, a tsaye na wuni.

Talata, 11 ga Maris
Ina shara na tuna Baba bai taɓa kunna fitilar nan don duba harafi ba. Wurin taga yake zuwa da hantsi, ya karkata sulen haske ya zo ta gefe, ya hura masa numfashi, ya duba kafin tururin ya baje. Yakan ce fitila maƙaryaciya ce. Na yi yadda yake yi.

Akwai wani harafin a ƙarƙashin na saman. 'Yar lanƙwasarsa kawai ta leƙo, an buga sabo a kansa. Shi ne sulen da Baba ya yi shekaru yana nema, wanda aka shirya hatimin buga shi don wani gida sannan aka kai hatimin wani. Yana cikin tirensa, ganin Baba ne ya riga ya tafi kafin ya kai kansa. Ni kuwa saura kwana ɗaya in miƙa shi wuta.

Na ji bakina ya ce, "Na gani, Baba." Ban yi niyyar faɗa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Yau ya kwana fuska sama. Maƙeri ya zo, na ba shi haƙuri ya koma hannu wofi. Yaya ya kira yana faɗa, na ce tiren na buƙatar dubawa ta biyu. Ban gaya masa na sulen ba. Ban san dalili ba. Na sani.

Lahadi, 16 ga Maris
Tire na biyu na jera jiya, duk fuska sama, ban ko ɗauki gilashi ba. Da safe biyu a kife. Na kai su taga, duka biyun masu daraja ne, Baba da gaskiyarsa.

Yaya ya tambayi yaushe zan gama, mai sayen shago na jira. Na ce aikin da saura, tirarrukan da yawa, ba a yi wa zinariya gaggawa. Ya ce bakina ya koma irin na Baba.

Na kawo kujera daga gida na ajiye a gefen ta Baba. Waccan ta yi mini tsayi ne kawai. Na yi sallama da na shigo, amma ai ko'ina ana yi.