Jirgin da Ka Bar wa Habibu

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. 'Yarka Zainabu ce. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba, amma na gaji da haɗiye maganar.

Habibu zai zo daga Jidda ranar Juma'a ya ɗauki jirginka. Umma ta ce haka ka bar wasiyya, kuma ban musa ba. Amma wallahi Baba kishi nake ji, kishin ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, ni da shekara arba'in da 'ya'ya uku.

Ka tuna shagonka na gyaran rediyo a unguwar Mansur, nan Makka? Wani alhaji ya kawo gyara a naɗe cikin tsohuwar mujalla, ka ga hoton jirgin saman yaƙin Jamus a ciki, ka sa aka karanta maka. Wai a ƙarshen yaƙin duniya na biyu sun gwada kafa wa jirgin bindigogi masu kallon sama, da wani ƙaramin ido mai jin haske. Matuƙin ba ya taɓa kunama. Shi dai ya ratsa ta ƙarƙashin jirgin abokan gaba, da inuwa ta faɗo kan idon sai bindigogin su tashi da kansu. Sati guda kana ce wa duk wanda ya shigo shagon, "Ku ji Bature, har inuwa ya ɗauka aiki."

Sai ka ce kai ma za ka yi naka. Ka sassaƙa jikin da katakon akwati, fukafukan da gwangwanin madara, a gurbin bindiga ka sa jan ƙwan fitila. Yatsunka sun yi wa wayoyin kauri, to wa ya murɗa su? Ni ce. Ni dalma ta ƙona, tabon yana nan a babban yatsana. Habibu yana layi yana buga ƙwallo.

Ranar da jirgin ya yi aiki, Habibu ka kira. Ka kama hannunsa ka gitta a kan jirgin, ƙwan ya kama, ka ce wa maƙwabta, "Ga injiniyana." Ni kuma ka ce in kawo shayi. Na kawo, har da na'ana'a.

Da aka zo rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, Habibu talabijin ya rungumo. Ni na naɗe jirgin cikin abayata, a cinyata ya zo Kudai.

Umma kan ce na zama jirgin nan, inuwar Habibu na giftawa sai in tashi. Gaskiyarta. Bawan Allah bai taɓa yi mini komai ba, ko yanzu "Yaya, Yaya" yake bina da ita. Kalma ɗaya kawai ya samu wadda na yi shekara talatin ina jira.

Jiya da hantsi na goge wa jirgin ƙura, na sa sabon batir, na gitta hannuna a kai. Ya kama, Baba, ja jawur. Shi dai bai taɓa bambanta inuwata da ta Habibu ba.

Zan ba shi da hannuna, tunda kai ka ce. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ni kuma ya wanke mini zuciya kafin Juma'a.

'Yarka da ta murɗa wayoyin,
Zainabu
Kudai, Makka