Injin Karima da Turmin Daso

Magarya, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Karima, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidanki, takardarki ta iso ta hannun direba, har da hotunan kayan madafa da kika ce in zaɓa. Na sa tabarau na duba su ɗaya bayan ɗaya.

Firigo na karɓa, don zafi ya matso kuma nono na lalace mini. Murhun gas ma ba laifi. Amma tukwanen dafa kafe, shayin nan na Turawa, har iri biyu, wata mai shan wutar lantarki da maɓallai goma sha ɗaya, wata ƙarama da ake azawa a wuta, me zan yi da su? Marigayi mahaifinku shekara talatin yana shan shayi daga buta guda, bai taɓa makara zuwa aiki ba. Mutum ya sayi abin da yake bukata. Abin da maƙwabta za su leƙo su gani ba bukata ba ce.

Injin niƙan kuwa kada ki kuskura ki aiko shi. Gidan da aka daina jin ƙarar taɓarya, lalaci ya samu wurin shimfiɗa tabarma.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki rage yawon kanti. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki, Barira

Yamai, 11 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa da ladabi, maigida ma yana gaishe ki. Wa'azi ya iso lafiya, ko wasali bai faɗi a hanya ba.

Amma Inna, wace taɓarya? Likita ya hana ki daka tun bara saboda kafaɗarki. Yaya Saminu ya gaya mini Iya Daso, maƙwabciyarki, ita ke zuwa kullum da hantsi tana yi miki dakan fura. Tsohuwa ce fa, ta girme ki. Injin nan minti biyu ya mayar da gero tiya guda gari, ke ki huta, ita ma ta huta. Na riga na saya, ranar Juma'a zai iso tare da firigo. Yaya zai haɗa miki.

Tukunyar kafe na dakata tukuna. Na dai san ranar da kika zo nan kofi biyu kika sha, kina sha kina cewa ɗaci gare shi.

Ki yafe mini rashin jin magana. 'Yarki, Karima

Magarya, 19 ga Maris

Karima,

Bayan sallama. Kaya sun iso. Tun kina ƙarama nake gaya miki, in babba ya ce a'a bai faɗi dalili ba, dalilin ne ya yi nauyi. Tunda kin matsa, ga shi.

Tun rasuwar mijinta Tsoho, Daso ba ta da mai noma mata, 'ya'yanta kuma babu mai rai. Sadaka ba ta karɓa. Da azumin bara na aika mata hatsi, ta maido mini shi a kanta, ta ce ita ba ta kai nan ba tukuna. Shi ya sa na ce ta zo ta taya ni daka. Kin san al'ada, wadda ta yi daka a gida, da ita ake cin abincin rana, dusa tata ce, kuma ba ta fita ba ƙwaryar fura a hannu. Da wannan take rayuwa, da kajinta huɗu. Ba ni na ba ta ba, hannunta ya ba ta.

Ranar Asabar yayanki ya kunna injin a gabanta yana dariya, yana cewa, "Iya Daso, yau kin samu hutu!" Ta leƙa garin, ta murza shi da yatsa, ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ta jingine taɓarya ta ɗauki mayafinta. Yau kwana huɗu ba ta shigo ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ban ga hayaƙi ya tashi daga gidanta ba. Na aika tuwo, ya dawo a rufe.

Ban ce kin yi mugunta ba. Alherin da bai tsaya ya yi tambaya ba ne.

Mahaifiyarki

Yamai, 23 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa. Na karanta sau uku, na kasa cin abinci. Wallahi ban sani ba. A maido injin, ko a ce ya lalace. In kuma zan aiko mata wani abu ta hannun da ba za ta gane ba, ki faɗa mini. Don Allah ki ba ni labarinta da wuri.

'Yarki, Karima

Magarya, 28 ga Maris

'Yata,

Bayan gaisuwa. Ba a ƙarya a gidana, inji kuma lafiyarsa lau, don haka ba zan ce ya lalace ba.

Ranar Talata na yi fura da shi ni kaɗai, ba surfe, ba kirɓi. Na zuba a ƙwarya na shiga wurin Daso da kaina, na ce ta ɗanɗana ta gaya mini gaskiya. Ta kurɓa, ta tofar.

Ta ce, "Barira, wannan fura ce ko abin shafen bango? Har dusa na ji a haƙorina. Ke da kika yi lakwal, kika sha boko!"

Na ce, "Iyakar abin da injin ya ba ni ke nan."

Ta ce, "Tashi mu je, kafin ki kashe Saminu da ciwon ciki."

Yanzu ita ke surfe da bakace, inji ya yi niƙa, ita ta kirɓa ta cura. Aikin ya ragu, ƙwaryarta ba ta ragu ba. Ta hana kowa taɓa maɓallin sai ita.

Takardar bayanin injin da faransanci take, kuma kin san da takardar shaidar brebe na fita kolej, faransanci ba ya gagara ta. Kada ki tambaye ni ko na karanta.

Ki aiko ƙaramar tukunyar kafen, wadda ake azawa a wuta. Ki tabbata mai kofi biyu ce.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki, Barira